Gyaran dabara a kulocin AC na tsohuwar 406, zai riƙe kuwa?

Mai 406, Maigatari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar AC ku taimaka min da shawara. Ina da Fijo 406 wagon, ta kwana biyu amma injinta lafiya lau, da ita nake kai tsohuwarmu asibiti Kano, kuma kun san zafin Afrilu a wajenmu, kafin ka kai Gumel ma ka jiƙe sharkaf balle Kano, tsohuwar kuma ba ta jure ƙura in an sauke gilas. Matsalar ita ce da safe AC yana kamawa da sanyi sosai, amma da injin ya ɗau zafi sai ya saki, in na tsaya na buɗe bonet sai in ga fuli, wato gargaren da bel ke ja, yana juyawa amma farantin gaban kwamfiresa, injin da ke tura gas ɗin AC, a tsaye cak. Wani yaron gareji ya ɗan ƙwanƙwasa farantin da ƙotar guduma sai ji kake ƙas, ya kama. Ogansa yace kuloci ne ya ci, ya yanko roba daga tsohon tiyub ya cusa a ƙarƙashin 'yan ƙarafan nan uku da ke riƙe da farantin, yanzu dai yana aiki. Wani kuma yace kar in wahalar da kaina, in kai wa mai walda ya ɗinke farantin da fuli a huta. Tambayata, wannan robar zata daɗe? Kuma waldar nan akwai illa? Halin sayen wani kwamfiresa a yanzu babu shi gaskiya.

Mai gyaran AC, Haɗejia:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da ka bayyana alamar rata ce ta yi yawa, kuma in dai ita kaɗai ce to kwamfiresanka kalau yake, kar wani ya tsorata ka.

Kulocin nan abu uku ne: fuli da boris ɗinsa, kwayil da ke bayan fulin, sai farantin da ke kan sandar kwamfiresa. In ka kunna AC wuta ta shiga kwayil ya zama maganaɗisu ya fizgo farantin ya manne da fuli. Tsakaninsu akwai 'yar rata, a kwamfiresan Sanden irin wanda ake yawan samu a 406 ana so ta tsaya tsakanin milimita 0.4 zuwa 0.8. Shekara da shekaru ana kamawa ana saki, ga yashinmu yana shiga yana gurza, fuskokin biyu sun cinye, rata ta doshi milimita 1 ko ta wuce. Da safe kwayil a sanyaye yake yana da ƙarfin jawowa, in ya yi zafi wayar jan ƙarfen da ke ciki ba ta wuce da wuta kamar da, ƙarfin ya ragu, sai ya kasa. Shi ya sa ƙwanƙwasawa take sa shi kamawa, taimakonsa aka yi ya tsallake ratar.

Ka gwada da kanka mota a kashe. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, ka zura shi tsakanin faranti da fuli, in ya shige sakwa-sakwa har da sauran wuri to rata ta wuce misali.

Ainihin gyaran ba shi da tsada ko kaɗan. A kwance notin tsakiya a zaro farantin, a bayansa akwai 'yan sirarun washa da kamfani ya sa musamman don daidaita ratar, a cire ɗaya ko a musanya da mafi siriri, a goge tsatsa da maiƙo a mayar, a auna a wuri uku a zagaye. Ba sai an zubar da gas ba, in wuri ya yi ƙunci a bi ta bayan tayar gaba ko a sassauto kwamfiresan da bututunsa a jiki. Wannan yana kai shekaru in boris da kwayil na da rai.

Ita kuwa robar tiyub ina ganinta kullum, ba zan zagi wanda ya sa ba don ya fitar da kai a ranar, amma wurin zafi ne, roba zata yi laushi ta lotse ko ta bushe ta tsage ta fice, kuma ba sa ficewa tare, sai ɗaya ta tafi biyu su rage farantin ya karkace yana gogar fuli ko AC a kashe. Gogar nan ce take dafa giris ɗin boris. Walda kam kar ka yarda.

Tsohon direba, Babura:

Yaro Allah ya yi maka albarka da kula da mahaifiya. Ni dai ba zan kushe dabara ba, mu da muka yi layin Babura zuwa Kano da 504 da 505 da dabara muka rayu, in kana jiran kayan kamfani a ƙauye sai motar ta ruɓe a gindin darbejiya. Na taɓa sa yankan gwangwanin madara a irin wurin nan maimakon roba, an lanƙwasa bakinsa ya rungumi ƙarfen, ya fitar da ni bazara guda har ruwa ya sauka, da damina ta yi nisa tsatsa ta cinye shi ya faɗi. To ka ga ya yi aikinsa. Abin da nake so ka riƙe, dabara tana da wa'adi, kuma kunnenka ne zai gaya maka wa'adin ya cika. In ka ji ƙara kamar ana wasa wuƙa daga gaban injin, ko ƙaurin roba, ko ka ga baƙin gari a bakin fuli, kashe AC nan take ka sauke gilas.

Maganar walda kuwa na goyi bayan mai AC. Na ga wanda aka yi wa, gas ya tsiyaye bai sani ba, kwamfiresa ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙame a tsakiyar hanya, fambel ya ƙone ya tsinke. A 406 bel ɗaya ne yake jan altaneta da famfon sitiyari da AC, in ya tafi caji ya tafi sitiyari ya yi tauri, ga fasinja ga dare.

Ɗan rewaya, Gumel:

Slm. Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana don ana yawan ɗora wa kuloci laifin da ba nasa kaɗai ba. Oga kafin a kwance komai a sa mita a wayar da ke shiga kwayil injin yana aiki AC a kunne, ya kamata a ga abin da ya kusa da na batir, wajen volt 13.5 zuwa 14. Tsofaffin motocin nan rile ya gaji, soket ya yi kore, wayar at da ke haɗe da jikin mota ta yi tsatsa, sai ka tarar 11 ce take isowa ko ƙasa, ga rata ta buɗe ga wuta ba ta cika ba, dole ya saki in ya yi zafi. Shi kansa kwayil ɗin a auna shi, mai lafiya yana bada wajen om 3 zuwa 4, in mita ba ta nuna komai ba ya yanke, wani lokacin ma ɗan fis ɗin zafi ne da ake binnewa a cikin wasu kwayil ya ƙone saboda kuloci ya daɗe yana sulɓewa.

Sannan dan Allah kar ka bari wani ya ja maka waya dairek daga batir da ɗan makunni a dashbod, wlh wannan ƙanin walda ne. Akwai suwic na firesha a layin gas, aikinsa ya yanke kwamfiresa in gas ya yi ƙasa sosai ko in firesha ya hau sama, misali fankar gaba ta tsaya kana cikin cunkoson Kano da rana tsaka. In an tsallake shi babu mai yankewa, sai bututu ya fashe ko kwamfiresa ya mutu. Kuma man kwamfiresa tare da gas yake zagayawa, ba gas ba mai, in ya niƙe kansa garin ƙarfen yana bin layi har kwandensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, lokacin ba kwamfiresa kaɗai zaka saya ba.

Mai 406, Maigatari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba na gode da addu'a. Na je na duba ɗazu, roba ɗaya har ta fara zamowa, na zare su duka na gwada katin ya shige ba ko tirjiya. Walda dai na fasa. Amma Oga mai AC in aka buɗe aka tarar washa ɗaya ce tak ko babu ma, yaya ke nan? Kuma akwai wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa da nake ji ko AC a kashe, in na kunna sai ta ragu.

Mai gyaran AC, Haɗejia:

To Malam wannan ƙarar ta fi ratar damuna. Ƙarar da ake ji AC a kashe ta ragu in kuloci ya kama, yawanci boris ɗin fuli ne ya fara tafiya, kuma shi kullum juyawa yake muddin injin na aiki, ko ka haƙura da AC gaba ɗaya ba ka tsira ba. A 406 kwamfiresan a ƙasa yake, yana shan yashi da rani yana shan ruwa da damina. A sauke bel a juya fulin da hannu, in yana gurzawa ko yana girgiza gefe da gefe a canja boris ɗin tun bai ƙame ba, a tafi da tsohon a gwada lamba da lamba, kuma a matsa shi da abin matsi kar a buga da guduma.

In washa ɗaya ce a nemi mafi siriri, masu AC suna tara su daga matattun kwamfiresa. In an cire duka rata ba ta dawo daidai ba to farantin da fulin sun gama, sai ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi kan kuloci na Beljiyam, faranti da fuli da kwayil, ya fi sayen kwamfiresa sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tafi da naka a hannu, a ƙirga layukan bel a kan fuli, a duba haƙoran sanda sun zo ɗaya, a sa wa kwayil ɗin batir a gabanka ka ji ya kama kafin ka biya. Kafin ka samu zuwa, in tafiya Kano ta taso ka sa fambel na ajiya da sifana a but.