Neman shawara: wa zan ɗauko ya yi wa ma'aikatana formasiyo kan tsofaffi masu gigin tsufa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ni ce ke riƙe da wata 'yar kilinik nan cikin Damagaram, kuma tsofaffi masu cutar mantuwa sai ƙaruwa suke gare mu, wasu a kawo su don tansiyo ko suga, wasu iyali su roƙa mu aika infirmiya gida. Yarana sun iya allura sun iya ƙarin ruwa amma da tsoho ya fara cewa an sace mishi kuɗi ko ya tashi tsakar dare wai zai tafi gona sai kowa ya rikice, wannan ya daka mishi tsawa wancan ya ce a yi mishi allurar barci a huta. Na ware ɗan kuɗi don formasiyo. Mutum biyu ke gabana, wani lokotoro daga Yamai zai zo kwana 2 da porjekta ya ba da atestasiyo, amma mota da otel da ladanshi za su cinye kuɗin kaf. Ɗayan infirmiye ne mai ritaya nan garin, ya daɗe a sashen masu taɓin hankali, ba shi da wata takarda kan tsofaffi amma ya ce zai riƙa zuwa duk sati. Wa zan ɗauka? Kuma ya zan tsara kar aiki ya tsaya?

Tsohon majo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki fid da ko dala, ki yi wa kowannensu tambaya guda: tsohuwar da jiya lafiya lau take yau ta wayi gari ba ta gane 'ya'yanta, me za ka fara yi? Wanda ya ce miki tsufa ne ki sallame shi. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni har shekaru, shi kuwa ruɗewar farat ɗaya galibi wani ciwo ne a ƙasa, palu ko ciwon mafitsara ko suga ya faɗi ko ƙishirwa, balle a zafin watan Afirilu da tsoho ba ya jin ƙishi sai an miƙa mishi. Wannan ana magance shi mutum ya dawo hayyacinshi, in aka yi sake kuma a rasa shi. Shi ne darasin farko. Sannan shi mai ritayar ki binciki hannunshi, mu da muka yi aikin can da yawanmu hannu ya saba da magungunan kwantar da mutum irin su Haldol da Valium, da ɗaure mutum a gado. Valium na sa tsoho faɗuwa ya karye a ƙugu, Haldol kuma akwai irin gigin da ake ce wa na Lewy wanda yake iya sandare mutum ƙwarai. In har shi ma can ya dosa to ba malami kika samu ba.

Wani matashin lokotoro:
Baba majo ya yi gaskiya amma kar a raina na Yamai don ya zo da porjekta. Akwai ilimin da sai an zauna an koya, misali yaranki su san cutar ba iri ɗaya ba ce, Alzheimer ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a ƙididdigar OMS (Hukumar Lafiya ta Duniya), akwai kuma wadda tansiyo da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, ita wannan riƙe tansiyo da kyau na rage mata gudu. Kuma ba sai kin ƙirƙiri darasi ba. OMS na da littafin mhGAP tun 2010, an sabunta shi 2016, an yi shi don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, akwai babin démence, wato gigin tsufa, a ciki kuma akwai na Faransanci kyauta a intanet. Akwai iSupport na 2019 shi kuma don masu jinya a gida. Duk wanda kika ɗauka ki ce ya bi waɗannan. Kuma Hajiya kin leƙa lopital nasiyonal ko makarantar ma'aikatan lafiya ta ENSP ko sashen likitanci na jami'ar André Salifou kin tambaya? Wataƙila a samu mai koyarwa nan gida ba kuɗin otel.

Mai jinyar mahaifiyarta:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, an sa ni nan ne saboda Innata. Don Allah Hajiya ki sa mai gadi da masu shara a ciki. Ranar da Inna ta sulale daga wata kilinik da la'asar mai gadi yana kallonta ta fita, ya ɗauka 'yar dubiya ce, sai ɗan kabu-kabu ya maido ta daga wajen kasuwar Dole. Kuma wadda ta fi iya ba ta abinci duk gidan mai shara ce, don ita ba ta gardama da ita, in ta ce Malam na jirana a gida (shekara nawa da rasuwarshi) ba ta ce mata ya rasu, sai ta ce to Inna ci tuwon tukuna. Infirmiya kuwa sai ta tsaya gyara mata zance, ta sa ta kukan mutuwa sabo fil. A koya musu da Hausa don Allah, kuma in da mai jin Barbarci cikin ma'aikata a riƙe shi da kyau, Inna yanzu Hausar ma tana suɓuce mata ta koma harshen ƙuruciya.

Wani infirmiye:
Ni dai tambayata akwai perdiyem? In babu rabin mutanen za su ce suna da suna a unguwa 😂

Tsohon majo:
Kai yaro bari. Hajiya ga tsarin, kar ki rufe kilinik. Ki raba su kashi biyu, awa guda bayan miƙa aikin safe, kashi ɗaya wannan sati ɗaya sati mai zuwa, masu kwanan gadi kuma a maimaita musu daban don su ne ke shan rikicin, da magariba abin ya fi tashi. Rabin lokacin bayani, rabi a bakin gado da izinin iyali, ko ɗaya ya zama tsohon da ya ƙi wanka ɗaya ya lallashe shi sauran su kalla su faɗi inda ya kuskure. Mata su yi wa mata wanka, maza maza, da yawan faɗan da ake cewa ciwo ne kunya ce kawai. Ki buɗe kaye tun yanzu a riƙa rubuta sau nawa aka yi allurar barci, sau nawa tsoho ya faɗi, bayan wata 3 ki duba, nan za ki san ko kuɗinki sun yi aiki, atestasiyo ba za ta gaya miki ba.

Matashin lokotoro:
Ƙari ɗaya, kar mai koyarwa ya kawo muku gwajin ƙwaƙwalwa na MMSE yadda yake a takarda, a ce wa tsohon da bai shiga lakwal ba ya cire 7 daga 100 ko ya rubuta jimla, lafiyayye ma faɗuwa zai yi. Akwai gwajin IDEA da aka tsara a Tanzaniya don waɗanda ba su yi boko ba. Kuma labarin wanda ke kwana da shi a gida ya fi kowane gwaji.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Zan kira mai ritayar gobe in yi mishi tambayar majo, in ya haye shi zai riƙe na sati-sati, na Yamai kuma in roƙe shi ya yi mana darasi biyu ta bidiyon WhatsApp ya duba mana ordonansi. Mai jinyar Inna, za ki yarda ki zo ki yi musu magana rana guda? Kuma lokotoro turo mini mhGAP ɗin nan, na Faransancin.

Mai jinyar mahaifiyarta:
Zan zo Hajiya amma sai da hantsi, in la'asar ta yi ba ta yarda da kowa sai ni.