Tambaya kan shawarar Yetro a Attaura

Dalibi: Malamai, ya aka yi Attaura ta karɓi shawarar mulki daga bakin wanda ba Ba'isra'ile ba?

Malam Na-Zaure: Duba Littafin Fitowa na Attaura, sura 18. Yetro, surukin Musa, firist ɗin Madayana ne. Ya tarar Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ce wannan zai gajiyar da shi da jama'a. Sai ya ba da tsari: shugabannin dubu, ɗari, hamsin da goma. Sharuɗɗa huɗu: cancanta, tsoron Allah, gaskiya, ƙin rashawa. Manyan ƙararraki kaɗai ke isa wurin Musa.

Uwargida: Ƙari a kai, ɗana: malaman Yahudawa sun lissafa dokoki 7 na zuriyar Nuhu, wato dukan 'yan Adam, ciki har da kafa kotuna. Maimonides, wani babban malamin Yahudawa, ya ce wanda ya kiyaye su domin umarnin Allah yana da rabo a lahira, ko ba Bayahude ba ne.