Taƙaitawa: tara kwafin tsofaffin bindigogin soja da sayar da su

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga maganganunku:

1. Baki ya zo ɗaya cewa kwafi iri biyu ne. Na ado, irin na kamfanin Denix na Sifaniya, ba ya harbi. Na kamfanonin Uberti da Pedersoli na Italiya kuwa suna tashi, kuma sun fi riƙe daraja.

2. Kwalin asali, takardu da tambarin kamfani su ke ɗaga farashi. Duk wadda aka kankare wa tambari a guje ta, ta nan ake cutar sababbin shiga, abin yana min ciwo.

3. An rabu kan gogewa: wasu sun ce a bar alamar tsufa, wasu a shafa mai. Ni ina goyon bayan a shafa mai kaɗan.

4. Kafin ciniki a duba doka. A Birtaniya, wata doka ta shekarar 2006 ta taƙaita sayar da kwafin da ya yi kama da bindigar gaske.