Monita mai hanya uku ko mai hanya biyu: wacce ta fi dacewa da dandamali?

Sauti_Samaru:
Assalamu alaikum oga-oga. Muna haɗa kayan sauti na haya, aikinmu biki ne da wa'azi da taron makarantu, tsakanin Samaru da Tudun Wada zuwa cikin Birni. Monitocinmu, wato akwatunan sifika da ke kallon mawaƙi don ya ji kansa, masu hanya biyu ne: wufa (babbar sifikar bes) inci 15 da hon (sifikar siririn sauti). Mawaƙa na ƙorafin ba sa jin muryarsu da kyau, in an ƙara musu kuma sai kuka (ƙarar nan mai tsini da ke tashi in makirfo ya ɗauki sautin sifika) ya tashi. An ba mu shawarar mu koma masu hanya uku. Shin za su magance matsalar, ko asarar kuɗi ce?

Injiniya_Kongo:
Wa'alaikumus salam. Amfanin hanya uku yana nan, kuma wufarka ce ta nuna shi. Wufa mai inci 15 da zarar sauti ya haura wajen 1 kHz (kaɗawa dubu a daƙiƙa, wato 1000 Hz) sai ta daina bazawa, ta riƙa harba shi gaba kamar tocila, domin tsawon igiyar sautin a nan (kimanin santimita 34) ya yi daidai da faɗin takardarta. Ita kuma mai hanya biyu yawanci tana miƙa wa hon aiki ne tsakanin 1.2 da 1.8 kHz, wato a tsakiyar muryar mutum. Mawaƙi ya ɗan matsa gefe, wani yanki na muryarsa ya ɓace.

Mai hanya uku tana da sifikar tsakiya, inci 6.5 ko 8, wadda ke ɗaukar daga wajen 400 Hz zuwa 2.5 ko 3 kHz. Mafi yawan murya daga sifika ɗaya take fitowa ke nan. Wufa ta huta da aikin murya, hon kuma ba a tilasta masa sauka ƙasa, don haka bai cika ƙonewa ba, sautin ma ba ya yin kaushi in an buɗe wuta.

Sai dai monita a ƙafar mutum take, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A wannan kusancin, sifika uku da ke wurare daban-daban a fuskar akwati ba sa gama haɗewa kafin su iso kunne. Mahaɗa, wato inda sifika ɗaya ke miƙa wa wata aiki, biyu gare ta maimakon ɗaya, kuma a kowace mahaɗa akwai kusurwar da sauti ke kumbura da wadda yake ramewa. Makirfo ya faɗa inda ya kumbura, kuka ya tashi. Shi ya sa manyan kamfanoni da yawa suke yin monita mai hon a tsakiyar wufa, komai ya fito daga wuri guda.

Oga_PZ:
Malam, kafin ka ciro ko sisi, ka duba inda kake ajiye monitar. Kuka ba ruwansa da yawan sifika. In makirfonka irin SM58 ne, bayansa ne kurma, to monita ta zauna daidai bayansa, tana kallon fuskar mai waƙa. In Beta 58A ne, yana ɗan ji ta baya, kurmancinsa na wajen digiri 120 ne, sai a kauce da monitar gefe. Mawaƙin da ke dunƙule kan makirfo da tafin hannu kuwa ya toshe ramukan baya, makirfon ya koma jin ko'ina. Wannan babu akwatin da zai gyara shi, sai an yi masa magana.

Sannan a tace layin monita tun kafin jama'a su iso. Yanke duk abin da ke ƙasa da 100 ko 120 Hz a layin murya. Buɗe makirfo a kan sandarsa, ka riƙa ɗaga ƙarfi sannu a hankali har ya fara kuka, ka nemo layin da ke kukan a ikwalaiza (na'urar rage ko ƙara kowane yanki na sauti) mai layi 31, ka rage shi da 3 dB. Ka sake ɗagawa. Rage layi huɗu ko biyar ya isa. In ka zarce haka ka kashe muryar da kanka. Kuma kada ka cusa wa mawaƙi fiyano da ganga da komai a monitarsa, muryarsa ce kan gaba.

Mai_Gyara_Sabongari:
Ni ta ɓangaren kuɗi da gyara zan yi magana, ranka ya daɗe. Hanya uku iri biyu ce. Mai kirosoba (allon da ke raba wa kowace sifika nata sauti) a cikin akwati tana cin layin amfilifaya ɗaya, amma nan ne ake cuta. Akwatuna da yawa da ake haɗawa a gida suna da rami uku, ka kwance ka tarar kafasita ɗaya ce tal a kan tuwita (sifikar siririn sauti), ta tsakiyar an jona ta kai tsaye da wufa. Wannan ba hanya uku ba ce. Bes zai shiga ƙaramar sifikar ya ƙona mata kwayil, ga nauyin da amfilifaya ke gani ya sauko ƙasa da om 8 da aka rubuta, in ka jera biyu ta yi ta zafi tana ɗaukewa. Ka sa a kwance maka ka ga allon da idonka: kwayil-kwayil na tagulla da kafasitoci na kowace hanya.

Wadda ake raba wa sauti daga waje ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma kowace monita na son layin amfilifaya uku. Na'urar raba sauti irin DCX2496 fita shida gare ta, monita biyu ke nan kacal masu haɗi daban. Filogin Speakon NL4 hanya biyu yake ɗauka, sai ka koma NL8 da sabbin wayoyi. A kuskure a jona layin bes a hon sau ɗaya, ya tafi. Ƙara da nauyin ɗauka, da nauyi a kan janareto, da ƙurar hunturu da ke shiga hon tunda bakinsa sama yake kallo. A rufe su da leda ko buhu in ba a aiki.

Injiniya_Kongo:
Haka ne. Inda hanya uku ke biyan kuɗinta shi ne wajen mai ganga da mai fiyano, masu son jin bes da ƙarfi, da kuma akwatunan gefen dandamali da ke nesa da mutane mita uku zuwa sama. Na gaban mawaƙi da mai wa'azi, ka nemi mai hanya biyu mai inci 12 da hon mai kyau, ko mai hon a tsakiya. Masu inci 15 ɗin nan naka ka mayar da su wajen makaɗa.

Sauti_Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Za mu fara da tace layin da gyara mazaunin monitocin. Oga_PZ, in miksa na dijital ce, ikwalaizar cikinta ta wadatar ko sai an nemi ta waje?