Baƙi sun mayar da layinmu filin tsere

Baban Hafsat: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau kam ba zan yi shiru ba. Jiya bayan la'asar, yara na dawowa daga Islamiyya, wani mai mashin ya kwashe ɗiyata 'yar shekara 6 a ƙofar gidana nan unguwar Badariya, Birnin Kebbi. A ƙofar gidana fa, ba kan babban titi ba. Allah ya taƙaita, karaya ce a hannu da ƙujewa a fuska, amma lokacin da na ga jini a hijabinta na ɗauka shi ke nan. Tun da aka zuba wa layin nan kwalta ya zama hanyar yanke, duk mai gudun cunkoso nan yake biyowa: mashin, Keke Napep, har tifar yashi. Baƙi sun mayar da layinmu filin tsere. Ranar Asabar zan sayi siminti in gina tudun rage gudu a ƙofar gidana, wanda zai rushe shi ya zo ya same ni.

Maman Khalil: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, ya kiyaye gaba. Wallahi ni ma kullum da fargaba nake aiken yara shago.

Mai Boxer: Allah shi ba yarinya lahiya, Alhaji. Amma kalma guda ta tsaya min a wuya. Su wane ne baƙi? Don mun san in anka ce baƙi a garin ga, mu 'yan kabu-kabu da munka zo daga ƙauye aka nufi.

Baban Hafsat: Ni ban ambaci sana'ar kowa ba. Na ce baƙi, wato waɗanda ba a layin suke zaune ba.

Mai Boxer: To kun ga huskar wanda ya buge ta? Kun san daga ina ya hito?

Baban Hafsat: Bai tsaya ba balle in gan shi. Yaran da ke wurin suka ce baƙuwar fuska ce, ba su san shi ba.

Mai Boxer: Kun ji ko. Ba a gan shi ba, amma an riga an yanke mai hukunci baƙo ne.

Ɗan Kabi: In dai maganar baƙunta za a yi a Birnin Kebbi, to a yi ta da kyau. Garin nan fadar Kabawa ce kafin dakarun jihadi su ci shi a 1805, kakanninmu suka koma Argungu daga baya. Da yawan masu kiran wasu baƙi yau, su ne baƙin asali.

Bagwandu: Kai dai ba a taɓa yin zance ba ka jawo Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ciki ba. Shekara fiye da 200 ana mulki a nan, har yau ba ka haƙura ba? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ilimi ya kawo, ka riƙa ambatonsa da ladabi.

Ɗan Kabi: Ina na yi masa rashin ladabi? Ko sunansa ban kama ba. Tarihi na faɗa.

Hajiya Malama: Haba 'ya'yana. Yarinya na kwance da karaya, ku kuna 1805. Kuma in gaskiya ake so, Badariya ɗin nan da Gesse, yawancinmu bayan an ba mu jiha a 1991 muka cika su. Ni daga Yauri aiki ya kawo mu, maƙwabcina mutumin Zuru ne. Wa zai kira wani baƙo a nan?

Mai Boxer: Allah shi saka da alheri, Hajiya. Ni ɓarayin daji sunka tashe mu, na baro gona na zo ina ja ma wani mashin. Kullum sai na kai mai balas, ko na samu ko ban samu ba. Tun da anka cire tallafin mai a 2023, rabin abin da ka tara a gidan mai yake ƙarewa. Fasinja kuma shi ka ce maka yi sauri, na makara. In ka tahi a hankali ya sauka ya hau wani. Sannan a wayi gari kai ne mai kashe ɗiyan mutane.

Maman Khalil: Ƙanena, ba wanda ya raina wahalarka. Amma balas ɗinka ba zai dawo da ran ɗan wani ba. Na sha ganin ɗayanku ya ɗauko mutum uku, waya a kunne, yana shan kwana ba ko oda.

Mai Boxer: Yaya, to ɗiyan masu kuɗi fa? Yaro bai kai 15 ba an ba shi mota yana koyo cikin layi da marece. Doka ta ce sai mai shekara 18 ka samun lasin. Ranar kai amarya wa ka yin wasa da mota yana juyi cikin ƙura? Mu ne? Amma su ba a ce musu baƙi, don ubansu na da gida mai bene.

Alhaji Mai Kwano: Ka iya bakinka, yaro. In da ni kake, ɗana da lasinsa.

Mai Boxer: Ni ban kama suna ba, ranka shi daɗe.

Injiniya: Don Allah a ɗan saurare ni, a bar maganar baƙo. Ƙarfe bai san ɗan gari ba, gudu ne ke kisa. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙwaƙwalwarsa ta ce yaro ne, kafin ƙafarsa ta kai birki, ya riga ya wuce ƙofar gida guda. Mai tafiyar 30 kuwa mita 8 da ɗan wani abu ya ci. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake zama. Dokar hanya ta Nijeriya ta sa 50 a cikin gari ga mota da mashin, amma wannan iyaka ce ta sama, ba a ce ka yi ta a lungun da yara ke wasan langa ba. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a riƙa tsayawa a 30 duk inda ababen hawa ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa. Birnin Paris ya mayar da yawancin titunansa 30 a 2021.

Bagwandu: Nan ba Faransa ba ce, Injiniya. Mashin nawa ka gani a garin nan da agogon gudunsa ke aiki?

Injiniya: Shi ya sa allo kaɗai ba ya wadatarwa, sai hanyar da kanta ta tilasta wa mutum sassautawa. Amma Alhaji, ina roƙonka, kada ka gina irin tudun da ake yi da dare, mai kama da kunyar dankali. Tudun ƙa'ida faɗi gare shi: kusan mita 3 da rabi zuwa 4 a bin hanya, tsayinsa kada ya wuce santimita 10, ya hau a hankali ya sauka a hankali. A shafa masa fenti mai ɗaukar ido, a kafa alama kafin a iso shi, a bar wa ruwa mafita ta gefe, in ba haka ba da damina zaurenka zai koma tafki. Kuma guda ɗaya ba ya aiki, ana wuce shi za a sake taka wuta, sai an jera su da tazara. Sannan a rubuta wa hukuma a nemi izini, da sa hannun mai unguwa, don hanya ba ta mutum ɗaya ba ce.

Baban Hafsat: Takarda? Sau biyu muna rubutawa, ko amsa ba mu samu ba. Sai an kashe wani za su zo?

Nas: Ni a asibiti nake aiki, bari in faɗi abin da nake gani. Babba in mota ta buge shi, yawanci a ƙafa take samunsa. Yaro gajere ne, a ƙirji ko a kai take dukansa, shi ya sa nasu ke muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma kimanin mutum miliyan 1.19 yake ci duk shekara. To amma tudun gargajiyar nan ma na ga aikinsa. An sha kawo mana mai mashin da ya ci karo da shi cikin duhu ya faɗi da ka, ba hular kwano. Ga mai naƙuda da ake ɗaukowa a Keke, kowane tudu sai ta yi ihu. Ku bi maganar Injiniya.

Alhaji Mai Kwano: Yawwa, Allah ya yi miki albarka. Salansar motata sau biyu ina canjawa saboda tudun wani layi. Kowa ya ga dama ya tashi ya gina katanga a hanya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin imani. Wannan kuwa sa cuta ne a hanya.

Malam Na Islamiyya: Alhaji, hadisin ingantacce ne, amma a ajiye shi a muhallinsa. Cikin haƙƙoƙin hanya da aka lissafa akwai kamewa daga cutar da mutane, kuma mai gudu cikin yara shi ne farkon wanda ya saɓa. Luƙmanu ma ya yi wa ɗansa wasiyya da ya tsakaita a tafiyarsa. Yarinyar nan ɗalibata ce. Kullum in na tashe su, sai na tsaya bakin ƙofa ina ɗaga hannu kamar ɗan sanda. Salansa ana sayen wata a kasuwa.

Alhaji Mai Kwano: Wato ni ne ban san darajar rai ba, Malam? Wa ya saya wa makarantar taku tabarmi bara?

Malam Na Islamiyya: Allah ya karɓa, Alhaji. Ban ce haka ba.

Maman Khalil: Tunda an zo maganar kuɗi, kafin a ce a sake yin karo-karo, ina kuɗin gyaran kwata da muka tara? Har yau kwatar na nan a toshe, shi ya sa yara ke hawa kan kwalta, ba gefen da za su bi.

Shugaban Zaure: Hajiya, an yi bayanin wannan a taron da ba ki zo ba.

Maman Khalil: Taron da aka sa bayan isha'i a ƙofar masallaci? Wace mace za ta je?

Bagwandu: Laifin iyaye ma a faɗe shi. Yarinya 'yar shekara 6 me take yi a waje ita kaɗai? Mu da muna yara da yayyenmu ake haɗa mu.

Baban Hafsat: Ka ji tsoron Allah. Tare da yayarta take, hannunsu a riƙe. Ka zo ka duba ta kafin ka yi min wa'azi.

Ɗan Kabi: Ka gani ko, Alhaji. Wanda ka ɗauka ɗan gari shi ke ɗora maka laifi, wanda ka kira baƙo shi ya fara yi wa ɗiyarka addu'a.

Bagwandu: Kai kuma wa ya sa da kai?

Mai Boxer: Ni dai har yanzu ina jiran a janye kalmar ga. In an janye, ni da kaina zan kai maganar tasharmu, a ja kunnen kowa kan layin Islamiyya daga la'asar zuwa magariba. In ba a janye ba, ba ni da bakin da zan yi musu magana.

Hajiya Malama: Alhaji, janye mana. Me zai rage ka?

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Na farko, kowa ya yarda kalmar baƙi kuskure ce, kuma mun ɗauka Alhaji ya janye. Na biyu, masana a cikinmu, Injiniya da Nas, sun nuna tudu yana da illa ga motoci da marasa lafiya, don haka ba za a gina ba. Na uku, iyaye su kula da 'ya'yansu, 'yan kabu-kabu kuma su rage ganganci, don a gaskiya yawancin abin daga wajensu yake. Kwamiti zai duba yiwuwar sake rubuta takarda. Maganar kuɗin kwata ba nan ne wurinta ba, kuma duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.

Injiniya: Shugaba, ban ce kada a gina ba. Na ce a gina na ƙa'ida, da izini.

Nas: Ni ma haka na ce.

Mai Boxer: An cire baƙi an sa 'yan kabu-kabu. To mi ya canza?

Baban Hafsat: Ƙanena Mai Boxer, kai na janye maka, ka kai maganar tasharku. Tudu kuwa ban janye ba. Injiniya, rubuto takardar gobe in kai wa mai unguwa da kaina, ka kuma faɗa min buhun siminti nawa irin naka zai ci. Malam, Hafsat ba za ta zo makaranta ba sai an kwance ɗaurin.