Ina so in ajiye mota in koma shiga bas, me kuke gani?

Ɗan Madina:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina zaune a Madina Zongo a nan Accra, wajen aikina kuma can Ministries ne, unguwar ma'aikatun gwamnati, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba amma wallahi in ban fita da an idar da asuba ba to sai na kusa awa biyu a hanya, daga Zongo Junction zuwa Okponglo zuwa Shiashie kafin ka kai wajen asibitin soja na 37 ƙafarka ta gaji da taka birki. Jiya muna tsaye cak wajen Tetteh Quarshie sai na fara ƙirga motocin da ke kusa da ni, a cikin goma guda bakwai mutum ɗaya ne kacal a ciki, har da ni, ga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, a gefena ta cika maƙil, wata tsohuwa a bakin taga tana ta fifita da bakin mayafinta, mu ɗin nan mu muka tare musu hanya. Abin ya tsaya min a rai har na isa ofis. Ga kuɗin mai, ga bakanike duk wata. Waɗanda kuke shiga motar haya kullum don Allah ku faɗa min gaskiya, zai yiwu?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni shekara ashirin da wani abu ina zuwa kasuwar Makola daga Nima a trotro, ban taɓa mallakar mota ba kuma ga shi Allah ya rufa asiri. Da safe ba matsala sosai, yamma ce wahala. In biyar ta yi direbobi sai su ƙi ɗaukar mai nisa, su yanka hanyar gida biyu ko uku don ka biya sau biyu ko uku, in kuma hadari ya taso to sai mai ƙarfi ke samun kujera. Makon jiya a gabana wata yarinya da goyo aka ture ta a bakin ƙofa, takalminta ɗaya ya faɗa kwata, mate, wato yaron mota, ko kallonta bai yi ba. Ka gwada, amma ka riƙa tashi aiki da wuri in ogan ka zai yarda, kuma ka riƙe canji a hannu.

Baba Direba, Sabon Zongo:
Hajiya abin da kika faɗa haka yake, amma bari in ɗan faɗi na direba tunda na yi shekaru a kan sitiya. Mai mota yana jiran kuɗin da ya yanka maka kowace rana ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, ka sayi mai, ka biya tikitin tasha, ka sallami mate, abin da ya rage shi ne cefanen gidanka. Shi ya sa ba a tashi sai mota ta cika, shi ya sa ake yanka hanya, domin in go-slow ya riƙe ka sawu huɗu ya koma biyu. Ban ce daidai ba ne, amma daga nan abin yake.

Yaro, manyan bas mun gani ai. Metro Mass ta zo a 2003 lokacin shugaba Kufuor, har yau bas ɗin Kufuor muke ce mata, 'yan makaranta da yunifom ma kyauta suke shiga a lokacin. A 2016 aka kawo Aayalolo, daga Amasaman ta Achimota da Circle zuwa Tudu, sababbi fil ana biya da kati. Sai dai layin da aka ware musu guntu-guntu ne, bai haɗe hanyar duka ba, in ya ƙare sai su faɗa cikin cunkoso da kowa. To mutumin da yake cikin motarsa da esi, ya waiga ya ga bas ma tana tsaye a gefensa, me zai sa ya sauko?

Abdul Fadama:
Baba ka gama magana. Na je Legas sari na shiga BRT ɗinsu, wato manyan bas masu layinsu na daban, wadda suka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, a wurare da yawa kankare suka sa suka raba layin bas da na sauran motoci, kana zaune kana wuce masu jif suna tsaye, wannan kaɗai ya isa wa'azi. Mu nan gada muke ta ginawa, ta Circle a 2016, ta Pokuase a 2021, sun yi kyau kuma sun taimaka amma cunkoson sai ya matsa gaba ya jira ka a mahaɗa ta gaba, don motocin ƙaruwa suke. Wani abu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a zango in aka ga mai mota a trotro sai a fara cewa ko karaya ta zo, wannan ma yana hana mutane da yawa.

Maman Fauziyya:
Ni fa ban yarda a ɗora wa masu mota laifi duka ba. Yarana uku, makaranta biyu daban, ga Islamiyya da yamma, ni kuma nas ce wani lokaci sai goman dare nake tashi, wace bas zan tsaya jira a wannan lokacin ni kaɗai? A fara gyara bas ɗin tukuna, ta zo a kan lokaci, a sa fitila a wurin jira, wallahi ni ce ta farko da zan ajiye makulli.

Ɗan Madina:
Na gode ƙwarai iyayena da 'yan uwa. Maman Fauziyya uzurinki a fili yake, ni ne dai ba ni da irinsa tunda yarana a ƙafa suke zuwa makaranta. Na yanke zan fara da Litinin da Laraba da Alhamis har wata guda, sauran ranakun kuma na yi magana da maƙwabta biyu da ke aiki wajen Ridge mu riƙa haɗuwa a mota ɗaya muna karo-karon mai. Hajiya, in ina dawowa da yamma a Tema Station ya fi in hau ko in taka zuwa Tudu?