Kilo shida cikin kwana biyar: dabara ce ko ganganci?

Habu: Salamu alaikum jama'a. An sa ni wasan MMA, wato faɗan keji mai haɗa dambe da kokawa, ranar Asabar a ajin kilo 70, awon nauyi ranar Juma'a da safe. Yau Lahadi na hau sikeli na ga 76. Na yanke shawara zan matse ruwan jikina kamar yadda 'yan UFC, babban kamfanin shirya wasan MMA, suke yi. Ni dai a ganina duk wanda ya shiga keji da nauyinsa na yau da kullum, ya riga ya ba abokin karawarsa rabin wasan kyauta.

Bala Mai Walda: Ƙwarai kuwa ƙanena. A yi awo yau, a yi faɗa gobe, ai nan wasan yake. Wanda ya hau sikeli da 70 zai wuni ya kwana yana ci yana sha, gobe ya shigo maka da 76 ko 77. Kai da ka zo da 70 ɗinka na gaskiya sai ka ji kamar buhun siminti aka ɗora maka. Ku tuna Israel Adesanya da Jan Blachowicz a watan Maris na 2021. Iyakar ajin kilo 93 ce, Adesanya ya zo da kusan 91, bai matse komai ba. A turmi na huɗu da na biyar Jan ya kayar da shi ya danne, ya hana shi motsi. Karon farko ke nan da aka ci shi a MMA.

Koci: Bala, misalinka bai hau ba. Adesanya ɗan ajin kilo 84 ne, hawa ya yi zuwa ajin manya. Ba wanda ya ce girma ba ya amfani. Maganar ita ce me yaron nan zai biya kafin ya samu girman. Habu, me ka fara yi tun jiya? Faɗi gaskiya.

Habu: Koci, jiya bayan azahar na sa baƙar leda a ciki, na ɗora rigar sanyi, na yi gudu na minti arba'in. Da na dawo na matse singileti kamar an tsamo shi daga bokiti. Kilo ɗaya da rabi ya sauka. Sai dai kaina ya yi ta sarawa har dare, fitsarina kuma ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba.

Anti Nas: Innalillahi. A wannan zafin na Kano? Habu, abin da ya sauka ɗin ba kitse ba ne, ko ɗigo. Ruwa ne, kuma daga jininka aka cire shi. Idan ruwan jini ya ragu, zuciya takan ƙara bugu don ta kai abin da ya saura ko'ina, ƙoda kuma ta rasa abin da za ta tace da shi. Launin fitsarin nan alama ce ƙodarka tana riƙe kowane ɗigo. Ga leda ta hana gumi bushewa, jiki ya kasa huce kansa. Don Allah kada wani ya ba ka ƙwayar sa fitsari, na san ana yawo da ita a wuraren motsa jiki. Tana fitar da sinadaran gishirin da zuciya ke bugawa da su, kuma tana cikin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa.

Bala Mai Walda: Anti, da girmamawa, ku ma'aikatan asibiti komai haɗari ne a wurinku. To Khabib Nurmagomedov na UFC fa? Wasa 29 bai taɓa faɗuwa ba, kuma kowa ya san matsewa yake yi zuwa kilo 70. Kamaru Usman ma da ya karɓe kambu daga hannun Tyron Woodley a 2019, kana ganin ƙirjinsa ka san ba kilo 77 yake yawo da shi a gari ba.

Koci: Gara da ka ambaci Khabib da bakinka. A watan Maris na 2017 zai kara da Tony Ferguson a Las Vegas. Ana saura sa'o'i a yi awo aka kwashe shi zuwa asibiti saboda wannan matsewar, aka soke wasan. Mutumin da ke da likita da mai tsara masa abinci ke nan.

Anti Nas: Shi ma ya auna arziki. Yang Jian Bing, ɗan ƙasar Sin, shekararsa 21, ya rasu a Manila a watan Disamba na 2015 yana kan rage nauyi don wasan kamfanin ONE Championship. Bayan rasuwarsa ne kamfanin ya hana rage nauyi ta hanyar busar da jiki, ya kawo gwajin fitsari tare da awo. Idan gwajin ya nuna ka bushe, ko ka cika sikeli ba ka wuce ba. Kafin shi akwai Leandro Souza a Burazil, 2013, shi ma gab da awo ya tafi.

Bala Mai Walda: Mutum biyu cikin dubbai.

Anti Nas: Biyun da aka ji labarinsu, Bala.

Baba Sarkin Fawa: Ni fa ina karanta ku ina mamaki. A gidan dambe da ido ake haɗa mutum biyu, a duba tsayi a duba ƙira, in sun yarda da juna a ɗaure hannu. Yaro ya sha furarsa da nono ya shiga fili. Yanzu an kawo sikeli don kada babba ya zalunci ƙarami, sai ga shi kowa yana yi wa sikelin wayo. To ina amfanin?

Koci: Baba ka taɓo wurin. Amma bari in yi wa Bala adalci, don ba duka maganarsa ce banza ba. Ana rage nauyi, kuma akwai yadda ake yi da hankali. Aikin na sati takwas ne ko fiye. A rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba kaɗan-kaɗan, mutum yana sauke kamar rabin kilo a sati, ba tare da ya taɓa abinci mai gina jiki ba. Ɗan wasa yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 zuwa 2 a kan kowane kilo na jikinsa a rana. Mai kilo 76 ke nan yana neman giram 120 zuwa 150. Ƙwai ɗaya giram shida ne kacal, shi ya sa sai an haɗa da wake, awara, kifi, kindirmo, nama idan aljihu ya yarda. Ba sai an sayi garin gwangwanin nan mai tsada ba. A satin ƙarshe kuma sai a rage sitaci da gishiri. Sukarin da tsoka ke ajiyewa, kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram uku, idan ya ragu ruwan ya bi shi. Da wannan kilo ɗaya ko biyu kan tafi ba leda ba gudu a rana. Abin da Habu yake nema kuwa kusan kashi takwas cikin ɗari ne na jikinsa, cikin kwana biyar, ba shiri.

Habu: Amma Koci ai bayan awo zan mayar. Akwai wani mai kemis a unguwarmu da ya ce zai sa min ƙarin ruwa leda biyu.

Anti Nas: Kada ka kuskura. Ko a UFC an hana ƙarin ruwa bayan awo tun watan Oktoba na 2015. Ruwan gishiri da sukari da muke ba yara masu gudawa ya fi maka, kana kurɓa a hankali. Kuma kwana ɗaya ba lallai ya mayar da kai daidai ba. Za ka ga nauyi ya dawo a sikeli, ƙarfin ƙafa bai dawo ba. A haka za a riƙa kai maka naushi a ka.

Sadiku: Ni tambayata, to azumi fa? Belal Muhammad ya doke Vicente Luque a watan Afrilu na 2022, cikin Ramadan. Ke nan jiki yana jure ƙishirwa fiye da yadda kuke faɗa.

Koci: Mai azumi yana sha daga magariba har asuba, kullum yana cike gurbin. Shi wannan kwanaki zai jera yana fitarwa ba ya mayarwa. Khabib ɗin da ake ta kira ma, lokacin da yake wasa, ba ya karɓar wasa a Ramadan.

Bala Mai Walda: Na ji. Amma ku rubuta ku ajiye, wancan yaron da zai kara da shi yana can yana matsewa, ba wanda yake masa wa'azi. Ranar Asabar shi zai fi girma.

Koci: Wataƙila. In ya wuce turmin farko da numfashinsa, sai mu yi magana. Habu, kira mai shirya wasan yanzu ka ce a daidaita a kilo 74, ana yin haka idan ɓangarorin biyu sun amince. In ya ƙi, ka haƙura da wannan, ni zan nema maka wani bayan wata biyu mu shirya tun daga farko.

Habu: To Koci, zan kira shi bayan la'asar. Yau da dare me zan ci? An ajiye min kilishi.

Koci: Kilishin gishiri ne zalla, ba Bala ya cinye. Dafaffen ƙwai uku, wake kaɗan, ruwa isasshe. Ledar kuma ka kawo min ita gobe da safe in gani da idona.